Dajin gari da kufan da ke cikinsa: tambayoyin da ake yawan yi mana

Tun da muka fara kula da dajin garinmu a nan yankin Marwa, a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, duk inda na zauna, kasuwa ne ko bayan sallar Juma'a ko a WhatsApp, tambayoyin kusan iri ɗaya ne, musamman daga garuruwan da su ma suke da tsohon kufai a cikin dajinsu. Ni ne mai riƙe da littafin kwamitinmu. A tsakiyar dajin namu akwai ragowar ganuwa ta ƙasa, da matattun rijiyoyi, da ramukan marina, da tsofaffin kaburbura. Shi ya sa na ce bari in tattara amsoshin wuri guda.

1. Wai mene ne dajin al'umma, ai dama dajin gari namu ne?

A al'ada namu ne, a takarda kuwa ba haka ba ne. Tun dokar ƙasa ta 1974, duk filin da ba shi da takardar mallaka a Kamaru yana ƙarƙashin kulawar gwamnati, shi ya sa za ku wayi gari ku ga wani ya zo da izini daga sama yana sara ku kuna kallo. Dokar daji ta 20 ga Janairun 1994 ita ce ta buɗe ƙofa gari ya nemi a damƙa masa wani yanki ya riƙa sarrafawa, a tsarin da aka bi ƙarƙashinta iyakarsa hekta 5,000 ce, yarjejeniyar kuma shekara 25 da ake iya sabuntawa. Amma a lura fa, amfanin dajin ake ba ku, ƙasar ba ta zama ta sayarwa ba. An yi sabuwar dokar daji a watan Yulin 2024, don haka kafin ku haɗa dosiye, wato takardun nema, ku je wurin delege, wato wakilin ma'aikatar daji, MINFOF, ku karɓi sharuɗɗan da ake aiki da su yanzu.

2. Ta ina ake farawa?

Da ƙafa ake farawa, ba da takarda ba. Ku zagaya iyakar tare da dattawa da mutanen garuruwan maƙwabta, kowa ya nuna inda ya sani, tsamiyar nan, bakin mayo (rafi), tsohon burtali. Bayan nan sai ku kafa ƙungiya mai rajista, yawanci GIC (ƙungiyar aikin haɗin kai) ake yi ko haɗin gwiwa, domin hukuma ba ta sa hannu da "mutanen gari" haka kawai. Sai babban taron tuntuɓa wanda sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, ko wakilinsa ke jagoranta, a rubuta abin da aka amince a sa hannu. Sannan a rubuta tsarin sarrafawa, wato ina za a sara, ina za a bari, yaushe, kuma ana sake duba shi duk shekara 5.

Abin da nake roƙon kowa, ku sa kufan a cikin taswira tun ranar farko, da sunansa da iyakarsa. Mu ba mu yi haka ba, sai da rikici ya taso muka dawo muna gyara (dubi tambaya ta 10).

3. Su wa ya kamata su shiga kwamiti?

Jauro da lawan, wato mai gari da dagaci, dole a je musu, kuma a sanar da fadar lamido, wanda ya tsallake su aikinsa ba ya nisa. Amma su iyaye ne, su ake kai wa ƙara, bai kamata a ɗora musu riƙon asusu ba don kada wata rana a rasa mai raba gardama. A cikin kwamiti a sa mata masu itace, su ne suka fi kowa sanin dajin, wallahi wata tsohuwa a garinmu tana iya gaya maka wace magarya ce ta fi zaƙi da wace kanya ce ta daina 'ya'ya. A sa ardo ko wakilinsa, a sa masu gawayi, a sa mai maganin gargajiya, a sa matasa. Wanda aka bari a waje shi ne zai shiga da dare.

Kuɗi kuma mutum uku su sa hannu kafin a fitar, a karanta lissafi a bainar jama'a da harshen da kowa ke ji, in ya kama a yi da Hausa a maimaita da Fulatanci.

4. Ana cewa za a hana mata yin itace, gaskiya ne?

A'a. Doka ma ta amince mutanen wuri su ɗebi abin amfanin gida, busasshen itace, ganye, 'ya'yan itace, magani. Abin da ke buƙatar tsari shi ne na sayarwa, kamar masu loda kura da babur da mota zuwa Marwa. Mu abin da muka hana shi ne sare ɗanye a jingine shi ya bushe a dawo a ce "ai busasshe na tarar", da yi wa itace zobe a ɓawo don ya mutu a tsaye. Murhu mai tsimin itace ma yana rage wahala sosai, matan da suka gina shi sun rage yawan zuwa daji.

5. To yaya ake sara ba tare da an kashe dajin ba?

A raba dajin gida-gida, bana a shiga wannan, baɗi wancan, har a zagayo lokacin na farko ya farfaɗo. Sabara da kalgo da geza suna tohowa daga kututture in an sare su ƙasa-ƙasa da kaifin gatari, a karkace don kada ruwa ya kwanta a kai, kuma a ƙarshen rani dab da damina. Sai a tsare wurin daga awaki har tohon ya fi ƙarfin bakinsu, nan ne aikin yake, sara kam kowa ya iya.

Akwai waɗanda ba a taɓa gindinsu ko kaɗan: kuka, tsamiya, gawo, aduwa, kanya, maɗaci. Waɗannan amfaninsu a tsaye ya fi na kwance nesa ba kusa ba. Kirya da marke su masu gawayi ke bi don ƙarfinsu, su ne kuma suke fara ƙarewa, sai a ƙidaya su a sa musu alama. In kuna da daƙwara kuwa kun yi dace, ƙaro kuɗi ne duk shekara, maƙwabtanmu na Cadi su ne na biyu bayan Sudan wajen fitar da shi.

6. Shuka sabbin itatuwa ya fi, ko rainon waɗanda suka fito da kansu?

Ba na raina shuka, darbejiyar da ke yi wa titunan Marwa inuwa shuka ta aka yi, shirin Sahel Vert ma da aka farfaɗo da shi a 2008 ya dasa da yawa a nan Arewa Mai Nisa. Amma ruwanmu daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran watannin dashe yana hannun rana da akuya, in ba mai ban ruwa da shinge to asara ce. Tohon da ya fito daga tsohon kututture kuwa saiwarsa ta riga ta yi nisa a ƙasa. Ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka sassabe sauran, shi ke nan. Wannan dabara ce ta dawo da itatuwa a gonakin Maraɗi tun daga shekarun 1980, can suna ce mata sassaben zamani. Dashe sai a bar shi ga fako, inda babu ko saiwa, shi ma sai an yi ramukan tare ruwa tukuna.

7. Makiyaya fa?

Kada ku kuskura ku rufe burtali ko hanyar mashaya da sunan kare daji. Duk mun ga abin da rikicin ruwa ya jawo a Logon Birni a 2021, babu mai son a maimaita. Abin da ya yi mana aiki shi ne zama da ardo kafin kaka, a nuna masa gidan da aka sare bana wanda ba a shiga, sauran kuma a buɗe. Datsar rassan gawo da marke don dabbobi a rani ba laifi ba ne in an bar kan itacen, illar ita ce a yi masa aski tas. In an samu ɓarna a fara da jauro da ardo, in ta gagara akwai kwamitin sasanta manoma da makiyaya a ƙarƙashin sufurefe. Batun shanu a gindin ganuwa kuma yana tambaya ta 11.

8. Wuta?

A share hanya mai faɗi kewaye da dajin da zarar ciyawa ta fara bushewa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, a yi wata kuma kewaye da kufan. Wutar farkon kaka mai sanyi ce, ta Maris ita ce mai cin itace har zuciya. Yawanci daga masu farautar gafiya da masu ɗiban zuma take tashi, su ma da an jawo su cikin sintiri sai abin ya ragu.

9. Tsakani da Allah, me ya sa ake tada jijiyar wuya a kan tsohon bango? Ba ƙasa ba ce kawai?

Ni ma haka na ɗauka da farko. Ranar da muka shiga auna wurin da wani dattijo da ya haura tamanin, sai ya tsaya a wani gurbi a jikin ganuwar ya ce nan ce ƙofar gabas, ta nan kakarsa ta ce ake shigo da shanu in an ji ƙarar mahara. Ya sa sandarsa ya tona ƙasa kaɗan sai ga tsingaro mai zane, gaba kaɗan ga kashin ƙarfe na maƙera baƙi ƙirin, ga ramukan marina a jere bakinsu har yanzu da shuɗi-shuɗi. Babu wani littafi da ya rubuta cewa an yi rini da ƙira a wurin nan. Ƙasar ce kaɗai ta riƙe, in aka kwashe ta an kwashe shaidar.

Sannan ga abin da ya fi ba ni mamaki: manyan itatuwan dajinmu duk a cikin kufan suke da kewayensa. Kukoki da tsamiyoyin da mutum uku ba sa iya rungumewa. Dalili kuwa mutane suna jin nauyin wurin, wasu don kaburbura wasu don tsoron iskoki, shekara da shekaru ba mai kai gatari. Daga nan tsuntsaye da jemagu da dabbobi ke yaɗa iri zuwa sauran dajin. Wato kufan ne ya tsare mana dajin tun kafin a san wani abu wai shi kwamiti, wanda ya ce a kula da daji a share kufai bai lura da wannan ba.

Kuma yankinmu cike yake da irinsu. Garuruwan Kotoko kamar Gulfe da Makari da Kuseri da Logon Birni an san su da ganuwar ƙasa, da yawa a kan tuddan mutanen Sao, tsofaffin mazauna yankin tafkin Cadi, suke zaune. A duwatsun Mandara akwai gine-ginen dutse ba laka da Mafa ke kira Diy-Gid-Biy, wurare 16, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2025, kamar yadda ta sa Sukur na Najeriya a 1999.

10. To a rushe, a sake ginawa, ko a bar shi yadda yake?

Wannan ita ce tambayar da ta kusa raba garinmu biyu. Matasa suka ce a baje a yi fili, ƙasar ganuwa tana da kyau wajen bulo kuma taki ce a gona, maganarsu ba ƙarya ba ce. Wasu 'yan garin da ke aiki a Garwa da Yawunde suka ce a'a, za su tara kuɗi a tayar da ganuwar sabuwa fil da ƙofa da fenti. Dattawa suka ce kada a taɓa komai.

Ra'ayina, kuma shi muka bi daga baya, a tsayar da lalacewar a bar shi a matsayin kufai. Rushewa ba ta da gyara, itace in ka sare zai toho amma bango in ya tafi ya tafi. Sake ginawa kuma ya fi kama da alheri amma shi ma ɓarna ce, don ba wanda ya san ainihin tsayinsa da siffar ƙofarsa, abin da za a samu bango ne na bana da aka binne na da a cikinsa, jikokinmu su zo su ɗauka shi ne na asali. Barinsa gaba ɗaya ba kulawa shi ma rushewa ce a hankali, duk damina tana cin rabonta.

Don haka muka yi ƙa'ida guda: duk abin da in an yi ba a iya warwarewa, ba a yanke shi a zama ɗaya, sai an kwana shekara an sake zama, kuma sai an ji ta bakin zuriyar waɗanda suka zauna a wurin ko da sun koma wani gari. Matasa kuma ba a sallame su hannu rabbana ba, an nuna musu wani wurin ɗiban ƙasa a bakin fadama, kuma su ake biya aikin gyaran.

11. In za a gyara, me zai hana a shafe da siminti a huta?

Don Allah kada ku yi. Bangon ƙasa numfashi yake yi, yana shan danshi yana fitarwa. Siminti yana kulle danshin a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, bayan 'yan damuna sai ka ga ya ɓanɓare falle guda ya tafi da fuskar bangon. Mun gani da idonmu a wani ɓangare da wani bawan Allah ya shafe da kyakkyawar niyya, yau wurin ya fi ko'ina rami.

Ruwa ne babban abokin gaba, ta sama da ta gindi. A gyara magudana ruwa ya daina kwanciya a gindi, a cike inda ya zaizaye da irin ƙasar wurin da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana, a yi wa kan bangon hula ta laka, inda ake samun makuba ta ɓawon ɗorawa a shafa. A nemi tsofaffin magina tun suna raye, su sa matasa a gaba. A kewaye da ƙaya ko shingen aduwa don shanu su daina soshe jiki da lasar gishirin gindin bangon. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoto ta kowane gefe, a riƙa maimaitawa duk bayan damina daga wuri ɗaya, ta haka za ku san inda ke ci da sauri.

12. Itatuwan da suka fito a jikin bangon a cire su?

Ƙanana a yanke su daidai fuskar bango tun suna ƙanana, a riƙa bin tohon, amma kada a tumɓuke, saiwar za ta fito da rabin bangon. Manya waɗanda saiwarsu ta riga ta saƙe cikinsa a bar su, yanzu su ke riƙe da shi, sai dai a rage rassan da iska ke kaɗawa. Darbejiya ce ta fi damunmu, tsuntsaye na zubar da irinta ko'ina kuma ba ta jin sara. Manyan da ke tsakar kufan kuwa suna cikin waɗanda na lissafa a tambaya ta 5.

13. Wasu na zuwa da na'ura suna haƙa wai akwai tukunyar zinariya. Me za mu yi? In mun tsinci wani abu fa?

Ku hana, ku sanar da jauro da jandarma. Dokar kayan tarihi ta 18 ga Afrilun 2013 ta sa abin da ke binne a irin waɗannan wurare ƙarƙashin kariyar gwamnati, haƙa sai da izinin ma'aikatar al'adu. Masu haƙan nan abin da suke fasawa yawanci manyan randuna ne, kuma a ƙasar Sao a cikin irin waɗannan randuna ake binne mutane, wato kabari suke tonawa. Mutum-mutumin yumɓu da kayan tagulla na Sao suna cikin jerin kayan da aka fi sacewa ana fitarwa waje, dillali ya ba yaro jaka biyu shi ya sayar da abin da ba za mu ƙara gani ba.

In ruwa ne ya tono abu, a ɗauki hotonsa a inda yake, a rufe da ƙasa, a kira delege na al'adu ko malaman tarihi na jami'ar Marwa. Inda abu yake kwance da abin da ke kusa da shi, shi ne rabin labarinsa. Wanda ya taɓa zuwa gidan tarihi na Gawi kusa da Injamena ya ga yadda gari ke adana kayansa a gida.

14. Malam, kula da wurin da ake cewa akwai iskoki ko an yi tsafi a da, ba shiga shirka ba ne?

Mun kai wannan gaban limaminmu don ta dami mutane da gaske. Abin da aka tsaya a kai, share magudana da hana haƙa ba bauta ba ce, ba mai yanka ko roƙo da sunan kwamiti. Kaburbura kuwa addini da kansa ya hana a tone su ko a taka su ko a yi noma a kai, kuma Alƙur'ani ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen na da ya kasance. In kuma akwai maƙwabta da ba Musulmi ba da wurin ke da daraja a al'adarsu, kamar yadda yake a garuruwa da yawa na Giziga da Mafa, to a zauna da su a ji wace rana suke zuwa da wane itace ne ba a taɓawa, a rubuta cikin tsarin. Ba sai ka yarda da abin mutum ba kafin ka bar masa hanya.

15. Za a samu kuɗin 'yan yawon buɗe ido?

Kada ku gina lissafi a kai. Tun da matsalar tsaro ta shigo yankin nan baƙi sun ragu ƙwarai, har Rumsiki da Waza da suka saba da su sun ji a jikinsu. Kuɗin da ke hannu na itacen da aka sara bisa tsari ne, da ƙaro, da zuma, da 'ya'yan aduwa da tsamiya da garin kuka, daga ciki ake ware kaso na gyaran ganuwa. Baƙin da muke samu 'yan makaranta ne da malamansu, kuma ni a wurina sun wadatar, dattijon nan na tambaya ta 9 yanzu shi ke zagayawa da su muna ɗaukar muryarsa a waya.

16. Tsofaffin rijiyoyin fa, a cike su?

Wannan kam ba ya jiran shekara, don rai ake magana, mun taɓa rasa maraƙi a ɗaya kuma yara na bin wurin neman magarya. A rufe bakin da itace mai ƙarfi ko murfin ƙarfe wanda ake iya ɗagawa, a kewaye da ƙaya, a sa alama. Kada a zuba shara ko ƙasa a ciki, kuma kada kowa ya shiga da sunan yashewa, iskar ƙasan tsohuwar rijiya tana kashe mutum kafin a jawo shi. In gari na son ya dawo da ita aiki sai a kira masu haƙar rijiya na sana'a su duba ginin bakinta tukuna, a kuma kai ruwan a gwada kafin kowa ya sha.